Notin Famfo Huɗu da Aka Ce Laya Ce

Zuwa ga Yayana Sama'ilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Asama'u da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zaman Fatakwal. Mu nan lafiya lau. An gama sussukar gero, bana rumbu ya cika, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Baba kuwa yana nan da karatunsa na zaure, ɗalibai har sun ƙaru.

Yaya, na zaɓi rubutu ne domin ranar da ka kira ni ba ka bar ni na ce uffan ba. Ka ce na zubar da mutuncin gidanmu, wai ɗan malami guda ya ɗaura wa motar wasa laya don ya ci tsere. Wallahi maganar nan ta yi mini ciwo, ba don mutanen gari sun faɗa ba, sai don kai da ka goya ni ka yarda ba ka tambaye ni ba.

Ga yadda aka yi. Ka san duk Asabar bayan kaka muna tseren motoci masu rimot a masussukar bayan gari, inda ƙasa ta dabu ta yi sumul. Mu goma sha biyu ne, duk magidanta, har da masu zuwa daga Bacirawa da Ungogo a adaidaita. Nababa, mai shagon kayan gini, shi ne shugabanmu, shi ya kafa dokar cewa kowa ya kawo motarsa yadda ya saya, ban da taya da batir ba a canza komai. Sai dai dokar ba ta hana mai hali sayen mota mai tsada ba. Tasa da ta Kamaruddeen ƙaninsa kuka suke kamar injin markaɗe. Tawa kuwa tsohuwar nan ce da na tsinto a gwanjo, na gyara ta a teburin da nake gyaran wayoyi. Abin da na fara yi mata, na yanka tsohon tiyub na naɗe tayoyin, domin na san ƙaiƙayin da ke saura a masussuka santsi gare shi. Su ba su sani ba, ba su taɓa riƙe taɓarya ko tsintsiya a wurin ba.

Matsalarta ɗaya, gabanta ba nauyi, in ta zo kwana sai ta ɗaga hanci ta kife. Sai na ɗauki noti huɗu na tsohon famfon ban-ruwanmu na sa mata a gaba. Suna ta ƙara suna zamewa, shi ne na kai wa Usaini baduku ya ɗinke mini su a 'yar fata, na ɗaure a ciki. Usaini kuwa hannunsa ɗinki ɗaya ya sani, na laya. Ya yi mini shi murabba'i, jar fata, har da 'yar igiya. Ni ko a jikina, nauyi nake nema.

Asabar uku a jere ina cinye su. A ta ukun Nababa ya ce sai an buɗe motata. Da ya ga fatar sai ya ja da baya yana salati, ya ce dama ya san ba banza ba, motarsa ba ta taɓa kifewa a kwanar tsamiya ba sai da na fara zuwa. Mutumin da ke shiga kwana kamar an koro shi! Kafin magariba magana ta kai zaure. Inna ta yi kuka, Baba kuwa ya kira ni ya ce in gaskiya ne, ba ni ba motar har abada, kuma kada in ƙara zama cikin ɗalibansa. Wannan ta biyun ita ta hana ni cin tuwo.

Na ce a tara mutane. Washegari a ƙofar gidanmu na miƙa wa Baba fatar da reza, ya farke ta da hannunsa, noti huɗu suka zubo a kan buzu, har da tsatsarsu. Ka san me Nababa ya ce? Ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi to ai ƙarin nauyi ma karya doka ne, don haka an soke cin da na yi. Jiya ni matsafi ne, yau kuma ɗan maguɗi. Baba ya dube shi ya ce wanda ya yi ƙazafi a bainar jama'a, a bainar jama'a yake janyewa, sannan ya ce mini in cire notin in koma fili.

Na koma. Na matsar da batirin gaba, tunda shi doka ta yarda a taɓa, na zo na biyu, Kamaruddeen ya wuce ni da abin da bai kai taki ɗaya ba. Ban ji haushi ba. Abin da ya ba ni haushi, shekaranjiya Usaini ya tsare ni a kasuwa yana dariya, ya ce Nababa ya aiko masa da noti a ɗinke masa guda biyu, amma wai a yi da baƙar fata, kada ta yi kama da tawa.

Saboda haka, Yaya, sabuwar motar da ka ce za ka aiko don in daina abin kunya, ka bar ta, tawa ta ishe ni. Abin da nake so, ka kira Inna ka faɗa mata ka ji gaskiyar magana, domin har yau tana cewa Sama'ilu ma ya yarda. Na sa maka noti ɗaya a cikin ambulan ɗin nan, ka juya shi da kyau ka ga ko akwai rubutu a jiki.

Ka gaida Asama'u da 'ya'yanku, Tahira da Munir. Maiɗakina Humaira da yara suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Iliyasu