Ƙaryar da Ba Ta Yi Sallama Ba

Gada Biyu, Jos
Talata, 13 ga Yuni, 1978

Zuwa ga Safara'u, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka a kan duwatsun Shere bayan dogon rani, furen da ya tsiro a tsakiyar shingen ƙaya, ƙayar ta kewaye shi amma ta ji kunyar taɓa shi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya Lukuman da iyalinsa, ina sanar da ke cewa cikin fushi nake rubuta wannan takarda. Sau uku ina yage ta saboda rubutun ya karkace, kuma kin san mai gyaran agogo ba ya amincewa da karkataccen aiki. Ranar Asabar mai zuwa Baffana zai kai goron neman aurenki. Kafin ya taka ƙofar gidanku, akwai abin da dole in ji daga gare ki.

Littattafai uku kika ba ni na labarin 'yan sama jannati. Kika ce duniya duk ta yaba su, an ba marubutansu lambobin girma, har Cyprian, abokin aikin yayanki, ya karanta kowanne sau biyu. Na karɓa da hannu biyu, na yi musu bango da takardar siminti. Wata biyu ina fama da su bayan sallar asuba, ƙamus a cinya, fensir a kunne. Ya hasken safiyata, me kika gani a cikinsu? Shafi ɗari uku, babu wanda ya yi wa wani sallama! Babu wanda ya tambayi lafiyar iyali. Mutum ya bar mahaifiyarsa ya shiga kumbo, ya nufi wata tauraruwa da ko sunanta ba ya faɗuwa a baki, ya yi shekara biyu, ya dawo ya tarar an yi shekara sittin a gida. Ni da na shekara ashirin ina daidaita agogon mutanen garin nan, ni za a gaya wa lokaci iri biyu ne? Kwana huɗu abinci bai yi mini daɗi ba saboda shafin nan.

Duk da haka na gaskata, kuma nan ne laifina. Ina da shekara ashirin da bakwai na koyi karatun boko, daga ƙasidun yaƙi da jahilci: yadda ake haƙa masai, yadda ake tafasa ruwan sha, yadda ake maganin ƙwarin hatsi. Ɗan Turancin ma a ƙasidun gyaran agogo na tsinto shi. Duk abin da ƙasida ta faɗa, na gwada na ga haka yake. Ban taɓa sanin injin buga littafi yana karɓar ƙarya ba. Da kunnena na ji a rediyo an sauka a kan wata. Don me zan musa an wuce can?

Sai ranar Lahadin nan a unguwar Daɗin Kowa, a falon Yaya Lukuman, kika zaunar da ni gaban talabijin don in ga shirin da kike yabo. Na zuba ido domin ke. Na ga ƙofofi na buɗe kansu, na ga wani mutum-mutumin gwangwani yana magana ta hanci, na ga agogon bangon jirgin nasu bai motsa ba daga farkon shiri har ƙarshe. Kowa na jin daɗi, ni kuwa ina neman ƙofar shiga daɗin nan na rasa. Da aka fara harbe-harbe tsakanin taurari, na yi gyaran murya na tambaya, cikin ladabi, a wace shekara aka yi wannan yaƙi, tunda ban ji shi a labarun duniya ba.

Cyprian ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Matar yayanki ta toshe baki da mayafi. Waɗannan duk na yafe. Amma ke, Safara'u! Ke, inuwar da nake gudu zuwa gare ta, ke ma kika dara, kika ce ai duk ƙagaggen labari ne, har littattafan. Wata biyu kina kallona ina ja wa ƙarya layi da fensir, ba ki gaya mini ba? Ga shi na riga na shaida wa Bappayo dillalin shanu cewa Turawa sun gina gari a bayan wata, shi kuma ya kai zancen kara, kasuwar shanu. Yau in na ce wa mutum agogonsa zai gyaru ranar Laraba, sai ya tambaye ni Larabar wace tauraruwa.

Ba ƙagen ne ya ƙona mini rai ba, rashin ladabinsa ne. Kakata in za ta shirga mana ƙarya sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, in ta gama ta ce ƙurunƙus. Ƙarya ce mai tarbiyya: ta yi sallama, ta yi ban kwana, ba ta cuci kowa ba. Waɗannan kuwa sun shigo da rigar gaskiya, da lissafi, da kwanan wata, da sunayen injuna. Na koma shafin farko na kowannensu ina neman inda suka ce ga ta nan, ban samu ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Kin tuna ranar da aka yi ruwan ƙanƙara a watan Afrilu, kika fake a rumfata, kwano na ƙara kamar ana zuba tsakuwa? Kika tsinci ƙanƙara ɗaya kika sa mini a tafin hannu, kika ce, "Malam Shu'aibu, na yarda, ka turo magabatanka." Ba ki ce ga ta nan ba kafin ki faɗa. Na gaskata kamar yadda nake gaskata ƙasida. To, ya ke zumar tsaunukan nan, tunda kina cikin masu jin daɗin ƙaryar da ba ta sallama, wannan maganar wace iri ce?

Ba zan yi miki riya ba: ba na son littattafan nan, ba zan so su ba, na ukun ma a shafi na tamanin na ajiye shi. Amma ba zan hana ki su ba. Kowace Lahadi zan zauna kusa da ke har shirin ya ƙare, bakina a rufe, ko da agogonsu ya shekara a tsaye.

Ki aiko mini da amsa kafin sallar Juma'a, in san ko Baffa zai sayi goro ko zai zauna a gida. Kalma ɗaya ta isa. Amma ina roƙonki don Allah, kada ki buga ta da tafiretar ofishinku. Ki rubuta da hannunki. Na daina yarda da bugaggen rubutu.

Naki, da fushinsa da komai, har ranar da Mai lokaci zai tsayar da bugun ƙirjina,

Shu'aibu Mai Agogo