Zarton Auta da Mangwaron Baba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinki. Maganar darbejiyar nan da ta karkato kan ɗakin Inna ta zo ƙarshe, don na sayi zarto mai inji. Jiya na shiga shagon kayan noma, mai shagon ya jera mini guda uku a kan kanta. Ya ɗauko ƙaramin, wai shi ya dace da wanda bai saba ba, ba shi da nauyi, ba ya ƙwace wa mutum. Sai ya dubi takalmina da agogona ya ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa riƙe irinsa kuwa?" Ga mutum biyu a shagon sun kasa kunne. Na ce masa a gona aka haife ni, ya miƙo mini babban. Bakin zarton ya kai tsawon hannuna tun daga kafaɗa. Har ya so ya haɗa ni da hular kwano, na ce ai ba yaƙi zan tafi ba.

Na san za ki ce a bar wa Kawu Mai Gatari tunda aminin marigayi Baba ne. To wata nawa ke nan yana zagaya bishiyar da hannu a baya kamar mai neman aurenta? Zamanin gatari da igiya ya wuce. Ranar Asabar da za ki kai Inna asibiti zan zo, kafin ku dawo na mayar da ita itacen girki. Kada ki gaya mata. Ko sau ɗaya dai a ce Auta ya yi wa gidan nan aikin da ba na biro ba.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi. Direba ya kawo takardarka, na karanta, na rasa dariya zan yi ko salati.

A gona aka haife ka, gaskiya ne. Amma kana shekara goma sha biyu ka bar ta, kuma ko a lokacin kai ne mai gadin butar ruwa a inuwa. Kawu ba zagayen banza yake yi ba. Ya buga gindin bishiyar da bayan gatari a gabana, ya ce cikinta kogo ne, ba a yi mata sara ɗaya. Sai an sauke rassan daga sama da igiya, ɗaya bayan ɗaya, kuma iskar nan yake jira ta lafa. Ka manta taku goma ne tsakanin darbejiyar da mangwaron da Baba ya yi wa aure da hannunsa a shekarar da ya rasu? Bana ya fara fure. Inna shi take fara dubawa da safe kafin ta amsa gaisuwar kowa.

Ka mayar wa mutumin da kayansa. In zuwa kake so, ka zo ka gaida mahaifiyarka.

Allah ya tsare.
Yayarka

*

Auta,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya ba.

Ranar Asabar mun dawo daga asibiti muka tarar da darbejiya a kwance. Ba ta taɓa ɗakin ba, kan mangwaron Baba ta faɗa, ta tsaga shi biyu har ƙasa. Inna ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a ƙasa da kayan fitarta, tana tsince furen tana tarawa a gefen zani.

Da ta dawo hayyacinta ta ce a kira Kawu, don shi kaɗai ta ba izinin taɓa bishiyar. Ya zo, ya daɗe a tsaye yana kallon kututturen. Inna ta tambaye shi ko aikinsa ne. Abin da ya ce kawai, "Ki yi haƙuri, hannu ne ya kuskure." Ta ce masa shekara arba'in yana cin abinci a gidan nan, da abin da zai saka wa amininsa ke nan. Bai ɗago kai ba.

Zance ya bazu, ana cewa idonsa ya tafi. Mutum biyu da suka yi da shi zai rage musu rassa sun fasa.

Ni kuwa na tsaya na dubi kututturen. Sumul yake, ga garin katako ko'ina, ga warin fetur. Ban taɓa ganin gatari ya bar gari ba, ɓarɓashi yake bari. Ka zo ranar Asabar ko ba ka zo ba?

Ina jiran amsa.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata.

Sau uku na kira wayarki ina kashewa kafin ta shiga. A takarda kawai zan iya.

Na zo. Wasiƙarki ta gargaɗi tana cikin aljihuna lokacin da nake jan igiyar injin. Sai da na ja ya fi sau ashirin kafin ya tashi, da ya tashi kuwa ji na yi kamar ya fi ni sanin inda za shi. Ashe ana fara sara baki a gefen da ake so itace ya faɗi. Ni ban sani ba. Mai shago ya fara yi mini bayani na katse shi, don kada mutanen nan su gane. Na kafa zarton a gefe ɗaya na danna kawai. Da ya iso kogon sai ya zurma, bishiyar ta matse shi, na ji ta yi ƙara a saman kaina tana murɗawa. Na ranta a na kare. Da na waiwayo, mangwaron Baba babu.

Ƙarar ce ta kawo Kawu. Ya same ni a tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi. Bai zage ni ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya shafa kafaɗuna da ƙafafuna ya tabbatar ban karye ba, sannan ya buga guntun ƙarfe a tsagar ya zaro mini injin. Na ce masa zan jira Inna in faɗa mata. Ya ce to, ya tafi sallah. Kafin ya dawo na jefa injin a mota na gudu. Da safa ɗaya na taka birki har gida.

Injin yana ƙarƙashin gado cikin tsohon bargo. Matata ta tambayi warin fetur, na ce daga mota ne. Takalmin kuwa ina jin yana nan danne a ƙarƙashin rassan, duk ranar da aka janye su Inna za ta gane shi, don ita ta yaba shi wancan zuwan.

Kunya ta hana ni cin abinci. Don Allah kada ki faɗa mata tukuna.

Auta

*

Auta,

Na samu. Na gode Allah da bishiyar ba a kanka ta faɗa ba, wannan da gaske nake.

Ba zan faɗa mata ba. Ba don rufa maka asiri ba, don ba kayana ba ne da zan ɗauka.

Ga abin da ya kamata ka sani. Makarantar da Kawu yake gyara wa itatuwa tun muna yara ta ɗauki wani. Duk da haka kullum da safe sai ya shigo gidan Inna ta ƙofar baya. Ya yanko tsiron mangwaron da bai mutu ba, yana yi masa aure da ƙananan dashe a tsofaffin bokitai, guda shida. Ɗauri ɗaya sai ya warware sau uku. Yana gaida Inna ta taga, ita kuwa ta juya wa tagar baya. Jiya na ce masa na san komai. Ya ce, "Ta riga ta rasa itacen mijinta. In ta yi fushi da ni, ni baƙo ne, zai wuce."

An janye rassan shekaranjiya. Ban ga takalmi ba. Ka iya kwantar da hankalinka, in zai kwantu.

Yayarka

*

Yaya,

Ki zauna kusa da Inna ki karanta mata wannan da ƙarfi, kada ki gyara ko kalma ɗaya.

Inna, ina durƙushe ina gaishe ki. Ni na sare darbejiya, ni na kashe mangwaron Baba. An hana ni, na ƙi ji, don ina so a ce na iya. Kawu cetona ya yi, ni kuma na gudu na bar shi da laifina, na yi shiru sati uku ana cin mutuncinsa. Ban cancanci ki yafe mini ba, amma shi ki yafe masa abin da bai yi ba.

Ɗanki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na karanta mata, ta sa na maimaita.

Ta ɗauki mayafi ta tafi gidan Kawu da ƙafar nan tata, ta ƙi yarda in riƙe ta. Ban shiga ba. Da ta fito idonta ya yi ja.

Saƙonta gare ka: maganar mangwaro ta wuce, biyu daga cikin dashen sun kama. Amma kada ka taka ƙofarta sai ka fara zuwa ƙofar Kawu, da rana tsaka, lokacin da mutane suke zaune a waje, daga nan ka wuce makarantar ka faɗa musu da bakinka.

Takalminka yana wurinsa. Tun ranar ya tsince shi ya ɓoye a cikin buhun igiyarsa don kada Inna ta gani. Ya goge shi, ya shafa masa mai. Ya ce kai za ka je ka karɓa.

Sai mun gan ka.
Yayarka