Ni Ne "Da Sauransu"?

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Kundin digirinki na fannin kasuwanci ya iso, na karanta, har jinina ya hau. Kin ɗauko bayanina kan dillalai daga littafin da muka wallafa mu uku, sai kika rubuta sunan tsohon shugaban sashenmu, kika bi shi da "da sauransu". Ni ne da sauransu? Ni da na rubuta babin nan ina fama da zazzaɓi, shi kuwa ko waƙafi bai ɗiga ba! Ki gyara, in ba haka ba kada ki neme ni ranar yaye ku.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Wallahi ba raini ba ne, ƙa'idar jami'armu ce: marubuta in sun kai uku, na farko kawai ake ambata a cikin rubutu. Cikakken sunanka na can baya, wajen manazarta. In na saɓa, malamina zai dawo mini da kundin, in rasa fita bana. Ka yi haƙuri ka zo. Tun rasuwar Baba kai nake gani a madadinsa.

'Yarka

Ke 'yar nan,

Gaisuwa. Wato can baya kika ajiye ni kamar tsohuwar kujera? Kada ki koya mini ƙa'ida, na koyar da ita tun ba a haife ki ba. Wanda ya yi wahala a faɗi sunansa, magana ta ƙare!

Kawunki

Kawu,

Barka da war haka. Na karanta wa Mama wasiƙarka tana guga, ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya. Ashe ita ta buga maka littafin nan kaf da tafireta a kan teburin falonmu, tana ɗauke da cikina, ƙafafunta a kumbure! Na buɗe shafin godiyarka. Ka gode wa shugaban sashe, da mai ɗab'i, da direbanka, "da sauransu". Raina ya ɓaci, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Yayarka ce fa.

Ka huta lafiya.

'Yarka

'Yata,

Bar kundin yadda yake. Zan zo, amma gidanku zan fara sauka. Ki tambayar mini Yaya ko za ta buɗe mini ƙofa.

Kawunki