Saƙar da Ta Sha Ruwa

Zuwa ga Mubiru Kizza, sanyin idona, iskar tafki da hantsi, karfasata mai zafi daga kan garwashi, gwanin ƙulli na bakin ruwan Kasenyi, kuma babban matsoracin da ƙasar Uganda ta samu a bana,

Gaisuwa mai tarin yawa daga wannan gari na Turawa, inda rana ke leƙowa kamar an yi mata dole, ruwan sama kuma ba ya ko sallama. Ina fata kana lafiya. Fata na ce, domin ta ina zan sani? Kwana shida wayarka a kashe! Kwana shida, Mubiru! An ce ka faɗa kwale-kwalen kawunka ka tsallaka tsibirin Koome, wai kifi ya fi yawa a can. Tun yaushe? Ban yi mamaki ba dai. Kai ɗan zuriyar gaiwa ne, gaiwa kuwa da ta ga abu ya yi zafi sai ta nutse cikin laka ta lafe. To ka tuna ni 'yar zuriyar ɓauna ce. Mu ba a koya mana laɓewa ba, tunkara aka koya mana.

Wannan wasiƙa ta wayar yayarka Nakato na turo ta, ta buga a takarda, ta hau jirgin fito ta kai maka har inda kake. Na kuma gaya mata, in ka ƙi karɓa, ta hau teburin awon kifi ta karanta wa duk mai kunne, tun daga "sanyin idona" har ƙasa. Ka san muryar Nakato. Shawara ta rage naka.

Saƙonka na ƙarshe yana nan a wayata, na karanta shi har na haddace: "Resty, na kunyata ki, na kunyata ƙasa. Ki gaya wa Gwaggo Nabbanja kada ta jira ni ran Asabar. Ki nemi wanda hannunsa ba ya ɓarna." Ji mini mutum! Asabar ɗin da muka shekara muna sa rana muna ɗagawa? Asabar ɗin da za ka sa farar riga da kwat, ka zauna a falon Gwaggo, ka miƙa mata takardar da za ta kai wa Baba, a san cewa ni kake nema? Ita za ka soke da layi huɗu, saboda zare ya sha ruwa?

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ni ban manta ba, ya hasken safiyata. Shekara huɗu ke nan, lokacin da aka kawo mana sandunan lakuros, wasan nan da ake cafe ƙwallo a jefa ta raga da sanda mai saƙa a baki, na kyauta a kwali, tsofaffi, saƙar bakinsu duk ta ruɓe. Ina zaune a kan kifaffen kwale-kwale ina fama da tawa da igiyar buhu, kai kana gefe kana ɗinkin taru. Ka daɗe kana satar kallona, kana tsammani ban gani ba, sannan ka ce, "'Yar'uwa, wannan abin na kamun fara ne, ko na tsamo kifi daga mai?" Na ce, "Na fasa kan masu surutu ne." Maimakon ka gudu sai ka yi dariya, ka zaro allurarka ta katako daga bayan kunne, ka karɓi sandar ba tare da neman izini ba. Yatsun nan naka! Suna shiga suna fita kamar tsuntsaye na saƙa sheƙa, ni kuwa na manta da sanda, na manta da motar da nake jira. Da ka gama na ce ƙullin bai yi ba, don kawai ka kwance ka sake. Sau uku na sa ka sake shi. Yau na faɗa maka gaskiya, tun na farko ya yi.

Daga nan ka zama masaƙin ƙungiyar ƙasa ba tare da an naɗa ka ba. Da za mu taho gasar nan, sanduna goma sha takwas muka jibge maka a rumfa. Madam Kyomuhendo, mai horar da mu, ta tsaya a kanka da yatsa a sama: "Malam Mubiru, wannan ba kamun kifi ba ne. In an sa ƙwallo a cikin saƙa, dole a hango kanta a saman bakin sanda. Ta nutse, an soke mu. Ka ji?" Ka ce ka ji. Goma sha bakwai ka saƙa bisa doka, kana gwadawa da ƙwallo. Da ka zo kan tawa sai soyayya ta hau maka kai. Ka ɗauko zaren nan na marigayi mahaifinka, na tarun giwan ruwa, wanda kuke alfahari da shi don yana saki in ya jiƙe, kifi ya yi ta fizga ba ya tsinkewa. Ka saƙa, ka bar ɗan ciki irin na masunta, ka miƙo mini kana cewa, "Abin da ya shiga hannun Resty ba zai fita ba." Wallahi ba ka yi ƙarya ba.

Bari in ba ka labarin daga inda nake tsaye, tunda kai daga allon gidan kallo na Kasenyi ka gani. Wasanmu na farko an ci mu sha tara ba ko ɗaya. Na biyu sha shida. Matan nan an haife su da sanda a hannu, Mubiru, mu kuwa filinmu na gida sai an kori awaki kafin a fara atisaye. Aber, mai tsaron ragarmu, cinyoyinta sun yi shuɗi da duka, amma kullum da safe sai ta ce, "Yau dai mu ci guda, ko a rubuta sunan ƙasarmu da wata lamba ban da sifili." A wasa na uku aka duba sanduna kafin farawa, tawa ta wuce lafiya ƙalau, tana bushe. Sai sama ta ɓalle. 'Yar wasanmu Chebet ta ɗauko ƙwallo tun daga tsakiya, tana gudu kamar an ce gidansu na ci da wuta, ta wurgo mini. Na cafe. Wata doguwa ta kai wa sandata duka, ƙwallo ba ta motsa ba. Ta biyu ta doka, ko gezau. Na juya, na sake ta da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni, sai ga raga tana rawa!

Wayyo daɗi! Na yar da sanda a ƙasa kamar yadda doka ta ce, don a duba, na ɗaura rigar sanyi a ƙugu, muka ɓarke da rawar bakisimba a tsakiyar ruwa. Har Aber ta baro ragarta da kwalkwali a kai tana karkaɗa ƙugu. An ce a Kasenyi ma kun karya benci biyu, an ɗaga ka sama ana ihu, "Saƙarmu ce! Saƙarmu ce!" Muna cikin haka alƙaliyar wasa, wata 'yar tsohuwa mai tabarau, ta ɗauki sandata, ta jefa ƙwallo a ciki, ta ɗaga daidai idonta. Ta leƙa ta hagu. Ta leƙa ta dama. Ƙwallo ta ɓace ɓat, kamar an jefa ta rijiya. Tsohuwa ta busa usur, ta gicciye hannu, alamar ta soke cin. Ƙuguna yana gefe guda lokacin, ban ma san yadda na dawo da shi ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. A ɗakin sauya kaya sai Aber ta ɗauki sandar ta zura hannu a ciki har wuyan hannu, ta ce, "Ke Resty, wannan ba sanda ba ce, kwandon cefane ne. Tsaya in duba ko angon namu ya sako mana tumatir." Madam Kyomuhendo ta so ta ɗaure fuska, abin ya gagara. Muka yi dariya har muna riƙe ciki, hawaye na zuba. Tun ranar sunanka a ƙungiya Mai Kwando, kuma ka yi haƙuri, ya riga ya zauna.

Yanzu ka gyara zama, ya inuwata, ka ji abin da ya sa na rubuta wannan doguwar takarda. Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Da safen ranar, Madam ta dubi gajimare, ta dubi sandata, ta ce mini, "Nanyanzi, zaren nan bai kwanta mini ba. Kwance ƙullin sama ki ja shi." Na ce to. Na zauna, na kama ƙullin, sai na ga naka ne, irin wanda kake gamawa da ɗan wutsiya kana ƙona bakinsa da ashana. Na kai shi hanci, har yanzu yana ƙanshin rumfarka, hayaƙi da ruwan tafki. Kwana goma sha ɗaya ban gan ka ba, a garin da ko dafaffiyar ayaba ba su sani ba. Na kasa kwancewa, Mubiru. Na miƙe na ce wa Madam na ja. Ƙarya na yi mata, saboda kai. To wane ne ya kunyata ƙasa, wanda ya ƙulla don so, ko wadda ta ƙi kwancewa don so? Na riga na faɗa mata gaskiya a gaban kowa. Ta sa ni zagaye fili ashirin a cikin ruwa, ta kuma ce in na sake, ko jakar ƙwallaye ba zan ƙara ɗauka ba. Ni na tsaya na sha nawa. Kai ka hau kwale-kwale.

Ga kuma abin da ka rasa da kashe wayarka. Na kwance ƙullin da haƙorana, na ja zaren, na sake ɗaure shi da ƙullin da ka koya mini, na tsoma sandar a bokiti ta wuni, na gwada, na sake gwadawa. Jiya muka buga wasanmu na ƙarshe. Saura minti huɗu, an ci mu sha ɗaya, ƙwallo ta zo hannuna, na ratsa tsakanin mutum biyu, na jefa. Ta shiga. Babu wadda ta yi rawa. Muka tsaya cak, mu duka, muna kallon 'yar tsohuwar nan mai tabarau, don ita ce dai aka sake turo mana. Ta jefa ƙwallo a saƙa, ta ɗaga, ta leƙa, ta leƙa, sannan ta dube ni ta saman tabarau, ta yi ɗan murmushi, ta miƙo mini sandata. Allo ya juya. Sha ɗaya da ɗaya! Sunan ƙasarmu, da ɗaya a gefensa! Kuma da zaren mahaifinka aka ci ta, ba da na kanti ba.

Kowa ta ruga wayarta tana kiran gida. Ni ma na kira. Ka san abin da na ji. Na tsaya a gefen fili da waya a kunne, ƙawayena na tsalle, ni ina sauraron wata mata tana gaya mini ba a samun ka. Ƙwallon da aka soke ka gani, ka ɗauke ta a ka har tsibiri. Wadda aka ƙirga ba ka gani ba. Wannan ya fi usur ɗin tsohuwa yi mini ciwo, sau dubu.

Haba masoyina, haba ruwan sanyina! Kana tsammani don ka iya saƙa na so ka? Masaƙa nawa ne daga Kasenyi zuwa Ggaba? Na so ka ne don kai kaɗai ka ga mace da sanda tana gudu a rana ba ka ce ta je ta nemi aikin yi ba. Kai ka riƙa goya ni a babur zuwa atisaye, ka zauna gefen fili kana tafa wa wasan da ba ka fahimta ba, har in an ci mu tafi kake yi. Ina zan samo wani irinka? Wa zai jure mini bakina? Ina kewar ka, Mubiru, kewa mai hana cin abinci, kuma ka san ba ƙaramin abu ke raba ni da abinci ba.

Saboda haka ka ji da kyau. Saƙonka ban isar ba, kuma ba zan isar ba. Gwaggo ba ta san komai ba. Ta riga ta sayi zakara ta ɗaure a gindin ayaba, ta yanko ganyen da za a naɗe shi, ta aro kujeru daga maƙwabta. Jirginmu zai sauka Entebbe ran Alhamis. Ran Asabar da azahar zan sa gomesi ɗina, doguwar rigarmu ta gargajiya, in fito daga bayan labule, in durƙusa a kan tabarma in gaida baƙo kamar yadda ake yi. In kana kan kujerar, kai zan gaisar. In ba ka nan, wallahi kujerar zan gaisar, a gaban Gwaggo da maƙwabta, in tambaye ta gajiyar hanya, in zuba mata ruwan wanke hannu, in buɗe mata zakara, in zauna a gabanta har ya huce. Ka san zan aikata. Gwiwoyina sun sha faɗuwa a ƙasar mutane, duk sun kumbura, Mubiru. Kada ka bari in sa su a ƙasa don kujera.

Taka, yau da gobe da duk ranar da Allah Ya ƙara mana, wadda ba ta da wani sai kai ko ka zo ko ka ƙi,

Resty Nanyanzi