Askin Kumaresan

Klang, 9 ga Maris

Zuwa ga yayata, Akka Sellamma,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kina lafiya, ciwon gwiwa ya yi sauƙi, kuma kina shan maganin bayan cin abinci, ba kafinsa ba.

Wasiƙarki ta iso, amma wajibi ne in gyara abin da surukina Muniandy, mijin 'yata Letchumi, ya faɗa miki. Ba a jakar jikanyata Vasugi 'yan sanda suka sami ƙwayoyin mayen ba. A ƙarƙashin sirdin babur ɗin wanta Kumaresan suka same su, a ƙofar gida. Kuma ba nan take ta ce nata ne ba, sai da ubanta Muniandy ya keɓe da ita. Yarinyar da ko goya ta aka yi a babur sai ta runtse ido, yaushe ta koyi buɗe sirdi?

Na gane dabararsu, domin a kotu na tsufa ina tafinta. Mu Tamil kaɗan ne a ƙasar nan, amma wanda ya leƙa motar fursunoni a zamanina sai ya zaci mu muka fi kowa yawa. Ɗan wani yakan zo da lauya da takalmi mai sheƙi, ya koma gida da gargaɗi. Namu a tura shi kurkuku, a haɗa masa da bulala. Doka kuwa ta hana a yi wa mace bulala. Shi ya sa Muniandy ya ga cewa mace ce, ɗalibar aikin jinya, alƙali zai tausaya mata, ta yi 'yan watanni ta fito.

Bai taɓa zuwa kurkuku ranar ziyara ba, ni kuwa na je. A ɓangaren maza layin iyaye mata har bakin titi. A ɓangaren mata benci fayau. Namiji ya fito a yanka masa akuya, mace ta fito dangi su daina ambaton sunanta, kuma ba na jin akwai asibitin da zai ba ta farar riga.

Da farko zargi kawai nake yi. Sai ga Kumaresan ya zo gaishe ni, kai ƙwal, an shafe shi da ƙullun itacen sandal. Akka, ke kika koya mini cewa ba a aske kai a haikali domin allanmu Murugan sai ya biya buƙatar da aka yi bakance a kanta. Bikin Thaipusam, lokacin da aka saba irin wannan aski, ya wuce, yaron bai ci jarrabawa ba, bai sami aiki ba, ƙanwarsa tana tsare. To godiyar me ya je yi? Na tambaye shi ranar askin, ya ce ya manta. Mai askin haikalin bai manta ba: washegarin ranar da Vasugi ta amsa laifi ne.

Na tunkari Muniandy. Ya kira ni tsohon akun kotu, ya tambaye ni ko so nake a farfasa wa jikana baya don in sami abin gyarawa da jan biro. 'Yata Letchumi kuwa ta daina aiko mini da abinci.

Ba zan ɓoye miki ba, na san aikin bulalar nan, na ga ƙarti sun kasa zama. Kuma ina son yaron. Duk da haka jiya na faɗa wa lauya abin da na sani. Ya ce maganata ba za ta yi amfani ba sai Vasugi ta janye tata kafin zaman ranar Alhamis. Ni ta ƙi ɗaga ido ta dube ni. Ke kika rene ta, ke kaɗai take jin maganarki. Don haka ki zo ki gan ta kafin ranar.

Ki gaishe da mutanen gida, amma kada ki sanar da Muniandy zuwanki.

Ƙanenki mai biyayya,
S. Thambirajah

Abin da na haɗo da wannan takarda: tikitin jirgin ƙasa na safiyar Talata, kujerar kusa da ƙofa saboda gwiwarki, man zafi kwalba ɗaya, da hoton da Kumaresan ya ɗauka a bakin haikali bayan askin, yana murmushi. Kada ki yi mata wa'azi. Ki nuna mata hoton kawai.