Hancin Aurèle

Saint-Éphrem, tsakiyar Maris

Zuwa ga yayata Fernande,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Lucien da jikoki. Yaya gwiwar taki? Kin ce sanyin Sudbury ne, ni kuwa na ce taurin kai ne, tunda kin ƙi riƙe sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Mu nan sai godiya. Maigidana Aurèle yana nan yadda kika bar shi bara: ɓarin dama a shanye, baki ba magana, amma cin abinci bai ragu ba, ido kuma yana bin duk inda na gifta. Dusar ƙanƙara ta fara saki, itatuwan maful sun fara zubar da ruwan zaƙin nan da ake dafawa ya zama zuma. Gaétan maƙwabcinmu, wanda muka bar wa kurmin Aurèle yake tatsa, ya hura wuta a bukkar dafuwa, tun da sassafe tururi ke tashi.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa maimakon waya. Wayar tana ɗakin da Aurèle ke kwance, kunnensa kuwa ras yake, ke kuma sai an yi miki ihu kike ji.

Yaya, hancina ya mutu. Tun murar da na yi a Janairu ban ƙara jin ƙamshin komai ba, ina ta cewa zai dawo. Shekaranjiya matar Gaétan ta kawo mana zumar farko, ta tsaya a ƙofa tana cewa ni kam ina shan daɗi, iska duk gidana take kwaso ƙamshin dafuwar. Na ce mata ai kuwa, har ya ishe ni. Da ta tafi na buɗe kwalbar na cusa hanci a ciki. Kamar ruwan famfo.

Kin san duk shekara da zumar farko nake yin biskit ɗin nan mai danƙo na marigayiya Mama, wanda na ƙara masa tsomawa a farin cakulan kika ce na ɓata mata girki. Kin kuma san ba da agogo ake gasa shi ba, balle a obin ɗina da lambobinsa suka goge tun 'yata Maryse tana goye. Da hanci ake yi. Da zarar ƙamshin bota ya juya ya koma na zuma, sai a fitar, ko da tsakiyarsa tana rawa. Aka ƙara ɗan jim, ya zama dutse.

Jiya na kwaɓa, na saka a obin, na shiga yi wa Aurèle aski ina jiran ƙamshi ya kira ni, don na manta cewa ba mai kiran. Ina cikin askin sai ya fara dukan katifa da hannunsa mai lafiya, idanu a waje, yana wani irin gurnani. Na ce shi ke nan, ciwon ya dawo ɗaukar ɗaya ɓarin. Na ruga ɗebo ruwa, sai na tarar da kicin ya turnuƙe da hayaƙi, biskit ya zama gawayi, tawul ɗin da na rataya a murfin obin har ya fara cin wuta. Shi yana can ƙuryar gida ya ji, ni ban ji ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne maganar Maryse. Kin san halin 'yar tawa, ba ta faɗa, ba ta kuma maimaita magana. Da Kirsimeti ta ce min, "Mama, ba zan yi jayayya da ke ba. Amma ranar da wani abu ya faru a gidan nan, komai ƙanƙantarsa, Baba zai koma gidan kula da tsofaffi." Gidan yana Saint-Georges, ni kuma ban iya tuƙi ba. Mutumin da tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa karyawa ba tare da shi ba, sai in zauna ina jiran mai mota ya ji tausayina kafin in gan shi?

Tana zuwa da Ista. Na wanke bango, na binne tawul ɗin a ƙasan shara. Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu, ko Lucien kada ya ji.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ghislaine

Saint-Éphrem, ƙarshen Maris

Yayata Fernande,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce kumburin gwiwar ya saɓe. Yaya tarin Lucien? A ce masa ya rage taba, ba yaro ba ne.

Amsarki ta iso, na karanta, na kuma ji haushinki. Wai in je wurin likita, in gaya wa Maryse gaskiya. Magana a bakinki ba ta da nauyi, tunda naki mijin yana tafiya da ƙafarsa har yana ɓata miki rai. Likitan garin nan matarsa ƙawar Maryse ce tun makaranta. Kafin in ɗaura ɗankwali in dawo gida labari ya isa wurinta a birnin Québec.

Amma bari in ba ki labari mai daɗi, don na samu dabara. Na turo Aurèle a kekensa na marasa lafiya har kicin, na ajiye shi gefen tebur, na danƙa masa cokali a hannun hagu. Na zauna a gabansa na gaya masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya taɓa hancinsa da cokalin, wato ya riga ya sani. Na ce to, malam, zaman banza ya ƙare, daga yau kai ne hancin gidan nan.

Na narka bota, na zuba jan suga da zumar maful, irin baƙar nan mai ƙarfi, da ƙwai da fulawa, na bar kwaɓin ya huta a sanyi. Da na saka a obin sai ya lumshe ido kamar mai addu'a a coci. Ni ina tsaye hannuna a kan murfi. Can sai na ji ƙwas ƙwas a kan tebur. Na fitar. Yaya, ko Mama sai haka! Gefe ya yi ja, tsakiya na lotsawa, in aka karya sai ya ja kafin ya rabu. Na narka cakulan a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, na tsoma rabi-rabi, na jera a faranti na kai baranda sanyi ya kama su. Aurèle ya ci har cakulan ya ɓata masa gemu, ya yi wannan dariyar tasa ta ɓari ɗaya. Rabon da in ga ya yi alfahari da kansa tun kafin ya kwanta. Ni kam zaƙi kawai na ji a harshe, ba maful ba bota, amma ban gaya masa ba.

Sai dai tsoron bai tafi ba, wuri ya sake. Yanzu madara ma sai na kai masa ya sunsuna kafin in zuba a shayi. Rigata nake canzawa ba dalili, don ban san ko ina wari ba. In na ga ya ɗan motsa hanci sai in bi gida ɗaki-ɗaki ina neman abin da ban san kamarsa ba. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne murhun gas. Tsoho ne, da ashana ake kunna shi, kin san shi. Da can ko kaɗan ya tsiyaya ina ji tun daga ƙofa. Yanzu kumfar sabulu nake shafa wa bututun ina zuba ido ko za ta yi ƙwai. Na so in ce Gaétan ya duba min, amma zai tambayi dalili, matarsa kuma bakinta ba ya riƙe ruwa.

In dai Maryse ta zo ta tarar da gida tsaf, ubanta da aski, biskit yana danƙo yadda ta saba, za ta koma hankali kwance. Da biskit ɗin nan take auna ni, ko ba ta faɗa ba. Ki taya ni addu'a Ista ta wuce lafiya, daga nan wataƙila ɗumin bazara ya buɗe min hancin.

A gaida jikoki, a ce ina nan ina ajiye musu zuma.

Taki,
Ghislaine

Saint-Éphrem, Asabar kafin Ista

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. 

Yau da hantsi muka yi gashin biskit ɗin Maryse. Aurèle ya buga cokali, na fitar, na kashe obin, komai daidai. Na ɗora ruwan narka cakulan, na rage wutar ƙasa-ƙasa, don kin san farin cakulan ba ya son zafi, yanzu ya daskare ya yi tsaki-tsaki. Na tsoma farantin farko na buɗe ƙofar baranda zan kai waje. Ana iska. Ashe iskar ta hure wutar, ban lura ba, na ja ƙofa na rufe don kada sanyi ya kama Aurèle.

A waje na haɗu da Gaétan zai wuce, ya tsaya yana ba ni labarin yadda ruwan itatuwa ya fara ɗaci, kakar bana ta kusa ƙarewa. Kin san shi da surutu. Ina jin ƙwas ƙwas daga ciki, har na ce wa Gaétan ka ji mutumin naka, kwaɗayi ne, ya san ba komai a obin. Muka yi dariya, Yaya. Dariya na yi.

Da na koma ciki na tarar yana dukan tebur kamar zai fasa shi, fuska ta yi ja, jijiyoyin wuya sun tashi. Na ce masa ya yi haƙuri mana, yanzu zan ba shi nasa. Na duba kwano na ga cakulan ya fara tauri, na leƙa ƙasan tukunya na ga ba wuta. Ko tunanin komai ban yi ba, na miƙa hannu na ɗauko ashana, na zaro tsinke.

Sai na ji faɗuwar abu a bayana. Aurèle ne ya tokare tebur da hannun hagu ya wurgo kansa daga keke, ya faɗo da fuska a ƙasa. Ashanar ta suɓuce min. Na durƙusa na tallafo kansa, jini na zuba daga gira, shi kuwa ya damƙe wuyan hannuna yana nuna murhu da ido. A nan ƙasa, da gidan ya yi tsit, na ji sautin gas yana tsiyaya: sssss.

Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na murɗe makunnin, na banke ƙofa, na ja shi a kan tabarmar ƙofa har baranda, na ƙwala wa Gaétan kira. Shi ya ɗauke shi ya mayar gado bayan iska ta wanke gidan. Na ce masa zamewa ya yi daga keke. Gaétan ya tsaya a kicin ya ja numfashi, ya dube ni, ya fita.

Girar ta tsage, kunci ya kumbura ya yi baƙi, ba abin da zai ɓoye shi. Gobe Maryse za ta iso bayan coci. In na ce zamewa ya yi, wataƙila ta yi min uzuri, ta sayo ɗamarar keke ta tafi. Na gwada faɗin ƙaryar a gabansa don in ji yadda za ta fito, ya gyaɗa kai da sauri, wai haka za mu ce. Ni kuma duk sanda na rufe ido shi nake gani zaune cikin warin nan, yana ji yana ƙaruwa, ba ƙafar gudu, ba bakin kira, matarsa tana waje tana dariya.

Ki yi mana addu'a.

Ghislaine

Saint-Éphrem, bayan Ista

Yayata Fernande,

Barka da Ista, ina fata kun yi biki lafiya, gwiwa kuma ta bar ki kin je coci.

Na gaya mata. Ta shigo ta ga fuskarsa, ta ajiye jaka ta tambayi abin da ya faru. Aurèle ya riga ni, yana nuna keke yana kwatanta zamewa da hannu, yana zare min ido in tafi a kan shirinmu. Na buɗe baki da niyyar haka, wallahi, sai na ji kaina ina ba ta labarin tun daga murar Janairu har tsinken ashana.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunsa tana kuka. Na roƙe ta, na ce a cire murhun a sa na lantarki. Ta ce za a cire, don ni. "Amma Mama, hayaƙi fa? Abincin da ya lalace fa? Ranar da yake barci, wa zai ji muku? Sai ya sake jefo kansa ƙasa?" 

An samu gado a Saint-Georges, farkon watan gobe za su zo ɗaukarsa. Gaétan ya ce zai riƙa kai ni ranar Lahadi. Maryse ta kama min layin likita a birni, ko hancin zai gyaru, amma ta hana ni sa rai da yawa.

Tun ranar Aurèle bai dube ni ba. In na shigo sai ya juya fuska bango. Na kai masa biskit ya ture farantin. Ya fasa fuskarsa don ya cece ni, ya yarda ya yi ƙarya don mu zauna tare, ni kuma na miƙa shi da bakina. Na san haka yake gani, ban kuma ce bai da gaskiya ba. Jiya ina yi masa aski yana kallon bango na ce masa ya yi ta fushin, zan jure. Gara in riƙa zuwa ran Lahadi yana juya min ƙeya, da in je in tarar ba wanda zai juya min.

Yaya, in gwiwar za ta iya zaman jirgin ƙasa, ki zo kafin farkon wata. Ba na so ranar da motar za ta fita da shi in juyo cikin gidan nan ni kaɗai.

Ki gaida Lucien da yara.

Ƙanwarki,
Ghislaine