Ɗigo Biyu a Hancin Takwararki

Zuwa ga Innata, a makwancinta na Yargoje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da durƙuso, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarsa. Damina uku ke nan da rasuwarki, Inna, amma har yau in abu ya sha mini kai ke nake fara tunawa. Na san ba ki taɓa yarda da boko ba, kin sha cewa rubutuna kamar kaji sun yi tono ne. Yau dai ki daure ki saurare ni, domin maganar da ke cikina ban iya faɗa wa mai rai ba tukuna.

Ba ki ga takwararki ba. Na haife ta da bazara a nan Yankara, aka sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Watanta huɗu yanzu. Goshinki ta ɗauko, har da yadda kike tamke fuska in an ɓata miki rai.

Gari ya canza bayanki. Tun da kuɗin fetur ya shigo, kasuwar nan ta cika da rediyo da filas da kwanonin silba. Malam maigidana ya sayi babur, ni kuma ina koyarwa a firamare, har yaran gari na ce mini Malama. Surukata ta hau jirgi bara ta sauke farali, ta dawo Hajiya, da haƙorin Makka da wasu 'yan kwalabe uku na mai, kowacce ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Man Makka take ce masa. In an buɗe murfin, ƙamshin sai ya sa ido hawaye. Idan mura ta kama ta, takan ɗiga shi a ruwan zafi, ta lulluɓa da zane ta yi surace, nan take hancinta ya buɗe. Ni ma na gwada, kuma wallahi yana aiki. Ta aika wa ƙanwarta ɗaya a Ƙanƙara, ta riƙe ɗaya, ta ba ni ɗaya, wai ni ce mai ilimi, zan fi sanin kan abin.

Da marka ta kama, mura ta kama Ummi. Hancinta ya toshe har ba ta iya shan nono. Ta kama, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa. Kwana biyu muna haka, ƙirjina ya cika yana ciwo, ita kuma tana ramewa a idona.

Na tuna yadda kike yi wa ƙannena. Ki tatsa nono ki ɗiga a hancin yaro, ki sa bakinki ki zuƙe majinar ki tofar, sannan ki narka man kaɗe a tafin hannu ki shafe masa ƙirji. Nakan kau da kai ina yamutsa fuska, ke kuma ki ce, "Bari ki haihu naki, ƙyamar nan za ta hita idonki." Ba ta fita ba, Inna. Na haifi nawa, na dubi hancinta, na ce ni Malama guda ba zan sa baki a nan ba alhali ga magani a kwalba.

Na ce a raina ai mai mai ne. Ba mun saba ganin kuna ɗiga wa jarirai man shanu a hanci ba? Balle wanda ya fito daga Makka. Akwai ƙananan rubutu a jikin kwalbar, har da na Turanci. Ni da nake dukan yara a kan karatu, ban tsaya na karanta ba.

Da hantsi ne, ran kasuwa, matan gidan duk suna can baya suna surfe. Na kwantar da ita a cinyata, na ɗiga ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Na zaci za ta tsandara kuka. Ba ta yi ba. Ta sandare, ta buɗe baki kamar za ta yi, amma ba abin da ya fito. Idanunta suka kafe, leɓɓanta suka soma yin baƙi. Na jijjiga ta, na hura mata iska a fuska, na kira sunanki na yanka da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Inna, na ji kukan mutuwa a gidaje da yawa, amma ban taɓa jin abin tsoro kamar wannan shirun ba.

Na fita ba mayafi ba takalmi. Allah Ya sa Malam bai tafi kasuwa ba. Ya tashi babur, na hau baya da ita a ƙirjina, muka kama hanyar Faskari cikin taɓo. Duk hanya kuncina na kan bakinta ina neman numfashi. Sai da muka yi nisa ta yi wani irin tari, ta amayo mini a wuya, ta soma kuka can ƙasa-ƙasa.

A dispensa, ƙaramin asibitin can, wani dattijon ma'aikaci ne ya karɓe ta. Ya sunsuna fuskarta, ya dube ni ya ce, "Malama, mi kika sa mata a hanci?" Malam na tsaye a gefena. Na ce ba komai. Dattijon bai ƙaryata ni ba. Sai da ya gama, Malam ya fita tada babur, sannan dattijon ya miƙo mini ita ya rage murya ya ce irin wannan mai na manya ne, ko su ma shaƙa suke yi daga nesa, ba a zuba shi a hanci. Ya ce maƙogwaron jariri bai fi kara faɗi ba, kuma ba duk wanda aka kawo masa a haka ne ya koma gida ba.

Ummi ta warke, alhamdu lillahi. Amma har yanzu in ta yi barci da rana, sai in bar abin da nake yi in je in tsaya a kanta ina kallon cikinta yana hawa yana sauka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da muka dawo gida, Hajiya ta ji ƙamshin man a jikin yarinyar. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Iska ce ta so ɗauke ta. Ba don man nan ba, da ta tahi da ita." Na sunkuyar da kai, ban musa mata ba. Tun ranar, duk macen da ta shigo sai an ba ta labarin yadda man Makka ya ceci Ummi, ana nuna ni a matsayin shaida.

Kin tuna Hansatu, 'yar Sabuwa, matar ƙanin Malam, wadda ta yi mana kwana uku a zaman makokin Baba? Ta haihu, namiji, ko arba'in ba su yi ba. Jiya mura ta kama shi. Ɗazu da safe na ji Hajiya tana ce mata in ta dawo daga gaisuwar rasuwa bayan la'asar, da hannunta za ta sa mashi man, kuma a hanci, don shi ya fi saurin aiki.

Na yi tunanin jefa kwalbata a masai. Me zai hana Hajiya ɗauko tata? Yanzu ma 'yan koli sun soma kawo irinsa kasuwa. Na yi tunanin jan Hansatu gefe, amma yarinya ce, ba za ta iya hana uwar mijinta taɓa jikanta ba. Ba abin da ya rage sai in buɗe baki a gaban Hajiya.

Ina jin tsoro, Inna. Ina tsoron fuskar Hajiya in na ce tsarabarta ta Makka ce ta kusa kashe jikarta. Ina tsoron idon Malam in ya gane na yi ƙarya yana tsaye. Ina tsoron a riƙa nuna ni a gidan biki da na suna, a ce ga mai ilimin da ta kusa halaka 'yarta saboda ƙyamar majina. Amma da na rufe ido na ga Hansatu ta fito tsakar gida a guje da ɗanta a hannu, sai sauran tsoron duk ya zama ƙarami.

An kira azahar. Zan yi salla, in goya Ummi, in je in zauna a ƙofar ɗakin Hajiya da kwalbar a hannuna har ta dawo. Zan durƙusa in faɗa daga farko, da bakina, ba ragi. In za su zage ni, su zage ni a kan jaririn da ke numfashi.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini abin da na raina na hannunki. Ya ɗaure mini zuciya daga nan zuwa la'asar, kada harshena ya sake cewa ba komai.

Taki har kullum,
Ɗiyarki Rakiya, daga Yankara.